Jawabi a Kan Asurans na Mota



Iyayenmu dattawa, da ku ƴan'uwa ƴan cirani da kuka zo daga Yamai, da Kano, da Agadas, muna gaishe ku. Yau muna so mu yi magana a kan asurans, wadda mutanen Kano ke ce wa inshora.

Kun san abin da ya sami wata baiwar Allah ta garinmu bara. Motar haya ta kife da su tsakanin Matamaye da Takeita, ta karye a ƙafa biyu. Mai motar bai taɓa fashin biyan asurans ba. Amma da danginta suka je ofishin kamfanin a Damagaram, sai aka ce direba ya yi lodi fiye da ƙa'ida, saboda haka babu ko dala. Suka dawo, suka sayar da akuyoyi suka biya magani.

To, wannan amsa ba ta kan doka. Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Ita ce ta tilasta wa duk mai mota ya yanki asurans. Aya ta 210 ta nuna cewa ko direba ba shi da permi, ko ya ɗauki mutane ba bisa ƙa'ida ba, kamfani ba zai fake da wannan ya hana wanda ya ji ciwo haƙƙinsa ba. Sai ya biya shi tukuna, sa'an nan ya je ya bi mai laifi bashinsa.

Amma mu ma muna da namu sakaci. Ga abubuwa huɗu da za mu riƙe.

Na ɗaya, in hatsari ya auku, a kira jandarma su yi konsta. In babu takardarsu, magana ta yi rauni tun daga tushe.

Na biyu, mai mota ya sanar da kamfani a rubuce nan da nan, kada ya wuce kwana 5 na aiki.

Na uku, a adana takardar likita da ta kuɗin magani. A ba kamfani kwafi, a riƙe ta asali a gida.

Na huɗu, mu san abin da muka saya. Asurans ɗin dole, waɗanda mota ta buge ko ta ɗauko take biya. Ba ta gyara motarka, ba ta biyan direba.

In kamfani ya ƙi biya, a ce ya rubuta dalilinsa. Da wannan takarda ake kai kuka ofishin kula da asurans na ma'aikatar kuɗi a Yamai, ko gaban alƙali.

Mu da Allah ya sa muka yi lakwal, mun ɗauki alkawarin karanta wa kowa takardun faransanci, mu rubuta masa wasiƙa ba da ko sisi ba. Da maganar wannan baiwar Allah za mu fara, ranar Litinin. Dattawa, muna roƙon ku sa baki danginta su kawo takardun.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalamu alaikum.