Kashi Biyu Cikin Uku Ba A Auna Shi Da Kunne

 

An nemi in yi magana kan halin da dimokuraɗiyyar Nijeriya take ciki a zamanin Shugaba Bola Ahmed Tinubu. Maganar tana da faɗi, kuma na san kowa ya shigo zauren nan da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya: wani farashin taki, wani 'yan bindigar da suka hana shi zuwa gonarsa. Ni dai zan kama zancen ne daga rana guda, Alhamis 20 ga Maris 2025.

Kwana biyu kafin ranar, shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa Ngozi Odu da dukan 'yan majalisar dokokin jihar na wata shida, ya naɗa tsohon babban hafsan sojan ruwa, Ibok-Ete Ibas, kantoma. Sashe na 305 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana irin wannan doka, amma ya ɗaure ikon da sharaɗi: sai kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowace majalisa sun amince. Sanatoci 109 ne, ana bukatar 73 ke nan. Wakilai 360 ne, ana bukatar 240. Lissafi ne da ɗan firamare zai yi a kan allo.

Ranar Alhamis ɗin, majalisun biyu suka amince da ƙuri'ar murya. Aka ce masu goyon baya su ce e, suka ce e, aka buga guduma. Ba a kira sunan kowa ba, ba a ƙirga hannun kowa ba. Sanata Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015 kuma ya san ƙa'idar zauren ciki da bai, ya fito daga baya ya ce adadin da ake bukata bai cika ba a Majalisar Dattawa. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, babu takardar da za a ɗauko a raba gardama, domin ba a rubuta ta ba. Jama'a, da wane kunne ake bambanta muryar mutum 73 da ta mutum 60? Mai awo a kasuwar Dawanau ba zai ce maka ya ji ƙarar zubar hatsi don haka buhu ya cika ba. Tiya yake sawa, yana ƙirgawa da ƙarfi kana ji.

Kada a ɗauka ina wanke Fubara. Ya gabatar da kasafin kuɗin jiha gaban 'yan majalisa huɗu, an rushe ginin majalisar a zamaninsa cikin Disamba 2023, kuma Kotun Ƙoli ta yi masa kaca-kaca a hukuncinta na 28 ga Fabrairu 2025. Rigimarsa da ubangidansa Nyesom Wike, ministan Abuja, ta durƙusar da mulkin jihar. Mai cewa dole a ɗauki mataki yana da hujja. A Disamba 2025 ma mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli sun karkata ga cewa shugaban ƙasa na iya dakatar da zaɓaɓɓu na ɗan lokaci a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. To, idan ikon ya kai girman haka, ashe ƙidayar nan ta majalisa ita ce linzami ɗaya da ya rage a bakin dokin. Ita ce kuwa aka tsallake.

Ba yau aka fara ba. A 1962 gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma saboda rikicin Awolowo da Akintola, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma, kuma ba a cika shekara huɗu ba Jamhuriya ta Farko ta faɗi. Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye a Filato a 2004, ya kuma naɗa kantoma a Ekiti a 2006. Amma Goodluck Jonathan, da ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, lokacin da Boko Haram ke cin karenta ba babbaka, ya bar gwamnonin a kujerunsu, alhali biyu daga cikinsu 'yan adawa ne. Wannan ya nuna akwai wata hanyar. Ribas ta yi nisa da mu, na sani. Sai dai abin da aka halatta a Fatakwal an halatta shi a Kano da Gusau da Bauchi, kuma Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga nan sai guguwar sauya sheƙa. A Afrilun 2025 Gwamna Sheriff Oborevwori na Delta, jihar da ba ta taɓa barin hannun PDP ba tun 1999, ya koma APC, tare da Ifeanyi Okowa, mutumin da ya tsaya wa Atiku Abubakar mataimaki a 2023. Umo Eno na Akwa Ibom ya bi a watan Yuni, sai Peter Mbah na Inugu, sai Douye Diri na Bayelsa. Shi kansa Fubara, bayan an mai da shi kujerarsa a Satumba, shekarar ba ta ƙare ba sai da ya shiga APC. A jawabinsa na 12 ga Yuni 2025 gaban majalisa, shugaban ƙasa ya ce ba ya neman ƙasa mai jam'iyya ɗaya, kuma ba aikinsa ba ne ya gyara wa 'yan adawa gidansu. A wannan gaɓar yana da gaskiya. PDP ta ruguza kanta da hannunta, jam'iyyar Labour ta dare gida biyu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya dame ni shi ne matar da ta yi sammako ta bi layi, rana ta dake ta, ta dangwala wa lemar PDP. An ƙirga ƙuri'arta a matsayin ta lema. Bayan shekara biyu sai mutum ɗaya ya kwashe ƙuri'un nan dubbai ya juye su cikin tsintsiyar APC, ba wanda ya koma ya tambaye ta. Sashe na 68 na Tsarin Mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta rabu. Yau duk mai son tafiya sai ya miƙe ya karanta wasiƙa cewa jam'iyyarsa ta rabu, a yi masa tafi. Gwamna kuwa sashen ma bai shafe shi ba. A 2008 shugaban PDP na lokacin, Vincent Ogbulafor, ya ce za su yi shekara sittin suna mulki. Shekara bakwai suka ƙara. Abin da ya sa aka iya kayar da su a 2015 shi ne akwai wata rumfar da mai fushi zai koma. Kuma cikin waɗanda suka kafa rumfar har da Tinubu, wanda shi kaɗai ya tsira cikin gwamnonin jam'iyyar AD a zaɓen 2003, wanda Obasanjo ya riƙe wa kuɗin ƙananan hukumomin Legas har sai da suka dangana da Kotun Ƙoli. Babu wanda ya fi shi sanin amfanin adawa a ƙasar nan, domin ita ta raine shi.

Ba zan yi adalci ba in na tsaya a Abuja. A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024, NNPP ta lashe duka 44 na Kano, APC ta lashe duka 23 na Kaduna. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar shayi ya san babu jihar da mutanenta suka zama baki ɗaya haka. Gwamnan da ke kukan Abuja na son haɗiye shi, shi ma haɗiye na ƙasa da shi yake yi. Zaɓukan nan kuwa an yi su ne wata uku bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Yanzu bari in zo kan abin da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. An cire tallafin man fetur ranar rantsuwa, 29 ga Mayu 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Masana tattalin arziki na iya kare matakin, wasu hujjojinsu ma masu ƙarfi ne. Amma da jama'a suka fito zanga-zangar yunwa daga 1 ga Agusta 2024, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24, duk a jihohin Arewa, ko da yake 'yan sanda sun musanta. An yi ɓarna da wawaso a Kano da wasu wurare, ba na ɓoye wannan. Sai ga shi ranar 1 ga Nuwamba an jero mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, da yawansu yara ƙanana daga Kano da Kaduna, bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka yanka belin naira miliyan goma kowannensu, yaran da iyayensu ke sayen garin kwaki gwangwani-gwangwani. Sai da hotunan suka zaga duniya shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Na gode Allah da aka sake su. Amma ku lura, umarnin mutum ɗaya ne ya fitar da su. 'Yan sanda da masu gabatar da ƙara da gidajen tsaro duk sun ga haƙarƙarin yaran nan wata uku, ba a samu wanda ya ce a'a ba.

Wasu cikin masu zanga-zangar sun ɗaga tutar Rasha, wasu suna kiran soja. Na ji zafin wannan, kuma na san daga inda ya fito: daga ƙetaren iyaka, inda aka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Ga 'ya'yana matasa ina cewa, ku tambayi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. A Maris 2025 an rusa dukan jam'iyyun siyasa a Nijar, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na shekara biyar ba tare da akwati ko ɗaya ba. Mu da muka ga zamanin Abacha mun san cewa a ƙarƙashin soja ko tambayar nawa ne suka amince ba a yi.

Sai dai mai mulki ya sani, yanke ƙauna ba daga sama take faɗowa ba. A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajista, waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba, mafi ƙaranci tun 1999. Shugaban ƙasa ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, wato cikin kowane mutum goma masu rajista, ko ɗaya cikakke bai zaɓe shi ba. Hukumar zaɓe INEC ta yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a shafinta na IReV nan take, na shugaban ƙasa ya maƙale, ta ce tangarɗar na'ura ce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen ranar 26 ga Oktoba 2023, kuma ni na karɓi hukuncin. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya hau da ƙuri'a kaɗan haka ya fi kowa bukatar sauraren waɗanda ba su zaɓe shi ba. Mu 'yan Arewa kada mu manta kuɗin da aka biya kafin a fara ƙirga mu. 'Yan jam'iyyar NEPU sun sha bulala da kurkuku tun daga 1950, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Abin da nake roƙon wannan zaure ƙarami ne, kuma ana iya yin sa. Majalisun nan biyu su sa a ƙa'idarsu cewa duk inda Tsarin Mulki ya ambaci adadi, ko dokar ta-ɓaci ce, ko tsige shugaba, ko gyaran shi kansa Tsarin Mulkin, dole a kira kowa da sunansa, ya faɗi matsayinsa, a buga jerin a jarida da intanet. Ɗalibanmu na sashen shari'a da na kimiyyar siyasa za su iya rubuta daftarin cikin mako guda, ƙungiyoyin da ke nan su sa hannu, a kai wa sanatocinmu da wakilanmu hannu da hannu. Kafin nan, kowannenmu yana da sanata ɗaya da ɗan Majalisar Wakilai ɗaya, kuma za su dawo neman ƙuri'ar 2027, za su zo ɗaurin aure da ta'aziyya. In kun gaisa, ku tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, ranar 20 ga Maris 2025 kana cikin zauren? In kana ciki, me ka ce?