MAJALISA, GWAMNA DA KOTU: RIKICIN TSARIN MULKI A TSOHUWAR JIHAR KADUNA



 An nemi mu yi magana a kan rigingimun da kan taso wajen fassara tsarin mulki. Fage ne mai faɗi ƙwarai, in muka ce za mu kewaye shi duka dare zai yi mana ba mu kai ko'ina ba. Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu ɗauki jiha guda da rikici guda, mu bi shi tun daga tushe. Jihar ita ce tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da ƙasar Katsina da Daura kafin a yanke Jihar Katsina a 1987. Rikicin kuwa shi ne wanda ya gudana tsakanin Gwamna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa da Majalisar Dokokin jihar, daga Oktoba 1979 zuwa Yuni 1981. Tambayarmu ita ce: idan majalisa ta tashi cire gwamnan da jama'a suka zaɓa, wa ke da ikon duba ko ta yi daidai?

Asalin tsarin

A Jamhuriya ta Farko Nijeriya ta bi tsari irin na Ingila. Firimiya ɗan majalisa ne, yana kan kujera muddin mafi yawan wakilai suna bayansa, ranar da suka juya masa baya kuwa sai ya sauka. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubuta sabon tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, kwamitin ya kawo shawarar a koma tsari irin na Amurka. Majalisar da Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta ta yi muhawara a kansa daga 1977 zuwa 1978, ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1979.

A sabon tsarin jama'a ke zaɓen gwamna kai tsaye, su kuma zaɓi wakilan majalisa dabam. Gwamna ba shi da ikon rushe majalisa, ita ma ba ta da ikon sauke shi don kawai ba ta son manufarsa. Kowannensu yana da wa'adin shekara huɗu, kowanne kuma yana iya bugun ƙirji ya ce jama'a ne suka aiko shi. Wannan abu ne mai kyau idan akwai jituwa. Amma mafi yawan 'yan siyasar 1979 a tsohon tsari suka yi wayo, inda mai rinjaye a majalisa shi ne mai gwamnati.

Yadda zaɓen 1979 ya kaya

An yi zaɓen majalisun jihohi ran 21 ga Yuli 1979, aka yi na gwamnoni bayan mako ɗaya, ran 28 ga wata. A Kaduna majalisa tana da kujeru 99. Jam'iyyar NPN ta kwashe fiye da 60, PRP kuwa ba ta kai 20 ba. Da aka zo zaɓen gwamna sai labari ya sha bamban, Balarabe Musa na PRP ya ka da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Mu lura da lissafi guda tun yanzu: kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66, watau NPN tana bakin adadin da ake bukata a cire gwamna tun ranar da aka rantsar da shi.

Gabar da ke tsakaninsu ba sabuwa ba ce. NPN a Arewa magajiyar NPC ce, PRP kuwa magajiyar NEPU ta Malam Aminu Kano. Da hawansa Gwamna ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talakawa suka yi murna, masu sarauta da magoya bayansu suka ga an taɓa tushen ikonsu. Daɗin daɗawa, a 1980 ita kanta PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnonin biyu suna ɓangaren santsi. Gwamnan Kaduna ya wayi gari ba shi da majalisa, ba shi kuma da jam'iyya dunƙulalliya a bayansa.

Gardamar kwamishinoni

Wuri na farko da aka yi karo shi ne sashe na 173, wanda ya ce gwamna ke zaɓen kwamishinoni, amma sai majalisa ta amince kafin a naɗa su. Gwamna ya aika da sunaye, majalisa a ƙarƙashin Shugabanta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ta ƙi su. Ya sake aikawa, ta sake ƙi, aka yi ta haka. NPN tana ganin tun da ita ke da rinjaye ya kamata a dama da ita, shi kuwa Gwamna yana ganin an zaɓe shi ne a kan manufar PRP, ba zai ɗora ta a kan waɗanda suka yaƙe ta ba.

Kowane ɓangare yana da fassararsa. Masu goyon bayan Gwamna suka ce aikin majalisa shi ne ta duba cancantar mutum, in ba ta sami aibu ba ta amince. Masu goyon bayan majalisa suka ce wanda aka ba ikon ya ce i, an ba shi ikon ya ce a'a, kuma babu inda aka ce sai ya faɗi dalili. Tsarin mulkin bai raba wannan gardama ba. Bai ƙayyade sau nawa majalisa za ta iya ƙin sunaye ba, bai kuma faɗi abin da za a yi in an cije ba. Alhali kuwa sashe na 174 ya umurci gwamna ya riƙa zama a kai a kai da mataimakinsa da kwamishinoninsa domin tsara manufofin jiha. Haka Balarabe Musa ya yi mulki wata ashirin da 'yan kai ba shi da kwamishina ko ɗaya, nauyin ma'aikatu ya koma kan manyan sakatarori. Ko gyaran da aka yi wa tsarin mulkin 1999 a shekarar 2023, wanda ya wajabta wa gwamna miƙa sunaye cikin kwana 60 da rantsar da shi, gwamna ya ɗaure, bai ɗaure majalisa ba.

Sashe na 170

Daga nan aka zarce zuwa batun tsigewa. Sashe na 170 ya jera matakai dalla-dalla. Da farko kashi ɗaya cikin uku na wakilai su sa hannu a takardar tuhuma. Cikin kwana 14 majalisa ta ka da ƙuri'a ko a yi bincike, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Sa'an nan Shugaban Majalisa ya naɗa kwamitin mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan jam'iyya ba. Gwamna yana da damar kare kansa, ko da bakinsa ko ta hannun lauya. Kwamiti ya kawo rahoto cikin wata uku. In ya ce laifi bai tabbata ba magana ta mutu, in ya ce ya tabbata, kashi biyu cikin uku suka amince, gwamna ya sauka.

Wanda ya karanta wannan zai ce an yi wa gwamna shinge mai ƙarfi. Amma ƙananan sassa biyu na ƙarshe su ne ƙashin bayan maganarmu. Na 11 ya fassara babban laifi da cewa shi ne mummunan keta tsarin mulki, ko kuma duk wani hali da majalisa take ganin ya kai babban laifi. Na 10 kuwa ya ce ba wata kotu da za ta saurari ƙara a kan abin da kwamiti ko majalisa suka yi a wannan sha'ani. To, mu haɗa su mu gani. Majalisa ce mai ƙara, Shugabanta ke zaɓen masu bincike, ita ke faɗin abin da ake kira laifi, ita ke yanke hukunci, an kuma rufe ƙofar ɗaukaka ƙara. A Amurka, inda aka aro tsarin, Majalisar Wakilai ke tuhuma, Majalisar Dattawa ta yi shari'a, har ma a 1868 Shugaba Andrew Johnson ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak. Jihohinmu kuwa majalisa guda gare su.

Majalisar Kaduna ta kawo tuhume-tuhume, galibinsu a kan yadda Gwamna ya sarrafa kuɗin jiha da ikonsa ba da yardarta ba. Gwamna ya garzaya kotu yana neman a tsai da aikin. Maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, a shari'ar da lauyoyi ke kira Musa da Hamza, alƙalai suka ce ƙaramin sashe na 10 ya ɗaure musu hannu, wannan sha'ani na siyasa ne, tsarin mulki ya danƙa shi ga majalisa. Ran 23 ga Yuni 1981 aka tsige Balarabe Musa, shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Bai kamata mu yi saurin zargin alƙalan ba. Hujjarsu tana da nauyi: alƙali ba zaɓaɓɓe ba ne, in ya shiga tsakanin zaɓaɓɓu a rikicin jam'iyyu, rigar shari'a za ta kwashi ƙura, gobe ba wanda zai yarda da hukuncinsa. Amma masu sukar hukuncin su ma sun yi tambaya mai ƙarfi: mene ne amfanin jera matakai tara in ba wanda zai duba ko an bi su?

Abin da ya biyo baya

Tsarin mulkin 1999 ya maimaita wannan tanadi a sashe na 188, ya sake abu guda: Babban Jojin jiha ne ke naɗa mutum bakwai ɗin, ba Shugaban Majalisa ba. Fassarar babban laifi da rufe ƙofar kotu suna nan yadda suke. Tsakanin Disamba 2005 da Nuwamba 2006 aka tsige gwamnoni biyar, na Bayelsa, Oyo, Ekiti, Anambra da Filato. A Oyo wakilai 18 cikin 32 ne suka fara aikin a wani otal a Ibadan, suka cire Gwamna Rashidi Ladoja a Janairu 2006, alhali kashi biyu cikin uku na 32 bai gaza 22 ba.

A wannan karon kotu ta buɗe ƙofa. A shari'ar Inakoju da Adeleke, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙaramin sashe na 10 yana kare aikin da aka yi bisa ƙa'idodin da suka gabace shi ne kawai. In an tsallake su, kotu tana da ikon rushe abin da aka yi. Mai Shari'a Niki Tobi ya kuma yi gargaɗi kada majalisa ta mai da wannan sashe makamin ramuwar gayya. Ladoja ya koma kujerarsa a Disamba 2006 bayan ya yi asarar wata 11, Peter Obi na Anambra da Joshua Dariye na Filato su ma kotu ta mai da su a 2007.

Yanzu sai mu tambayi kanmu: da an yi wannan hukunci kafin 1981, da ya ceci Gwamnan Kaduna? A ganinmu da ƙyar. Abin da Kotun Ƙoli ta fi dubawa shi ne hanya: ina aka zauna, mutum nawa suka ka da ƙuri'a, an miƙa takarda a kan lokaci, an ba wanda ake tuhuma damar magana? Majalisar da take da ƙuri'a 66 cikin 99, ta kuma yi haƙuri ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, har yanzu ita ce mai faɗin abin da ya kai babban laifi. Kotu ta toshe wa 'yan tsiraru masu gaggawa hanya. Masu rinjaye in sun yi niyya, ba abin da zai tare su sai tsoron Allah da tsoron masu zaɓe.

Rabonmu a ciki

Ku ma'aikata, ku tuna a irin wannan rikici takardun ofis su ne shaida. Lokacin da jiha ta zauna ba kwamishinoni, ma'aikaci ne ke sa hannu, kuma sa hannunsa ake nema ranar bincike. Kada a fitar da ko kwabo sai da dokar kasafi da ta halatta shi, kada kuma a karɓi umurni mai nauyi da baki, a nemi a rubuce. Ba rashin ladabi ba ne ƙaramin ma'aikaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mini a fayil."

Ku ɗalibai kuwa, mun saba mu zuba ido a kan zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa, mu jefa wa ɗan majalisar jiha ƙuri'a ba mu ko san sunansa ba. Labarin Kaduna ya nuna cewa a hannun waɗannan wakilai wuƙa da nama suke. Waɗanda za su zama lauyoyi a cikinku, muna roƙonsu su yi nazarin ƙaramin sashe na 11, su kawo fassarar babban laifi wadda za ta hana gwamna yin yadda ya ga dama, ba tare da ta mai da shi bawan majalisa ba. Masu sha'awar siyasa kuma su riƙe karin maganar nan ta magabata, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wakilan da suka tsige gwamna a 1981 da gwamnatin da suka yi faɗa da ita, duk juyin mulkin soja na 31 ga Disamba 1983 ya haɗa ya share tsarin da suke gardama a kansa.

Alhaji Balarabe Musa ya rasu ran 11 ga Nuwamba 2020, Allah ya jiƙansa, ya jiƙan sauran waɗanda suka riga mu daga ɓangarorin biyu.