Gonar Maraya da Kuɗin Karatunsa

 

Duk sanda aka ta da maganar marayu a Kano, sai ka ga an ɗauki buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto an nufi Gidan Marayu na Nassarawa. Allah ya saka wa masu kaiwa da alheri. Amma marayun Kura da Bunkure da Garun Malam ba a can suke ba. Suna gidan baffa, suna gidan kawu, suna hannun kaka, wasu kuma suna agolanci a gidan da uwa ta sake aure. Riƙo ne tsarinmu, kuma ban zo don in kushe shi ba. Abin da na daɗe ina jayayya da jami'an ilimi a kansa shi ne, sun tsara tallafin karatu kamar waɗannan yaran ba su wanzu ba.

Ku duba inda kuɗin yake tsayawa. A 2023 gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin ɗalibai 1,001 zuwa digiri na biyu a ƙasashen waje. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a dokar bashin karatu ta tarayya, NELFUND. Hukumar tallafin karatu ta jiha kuma tana nan tun da daɗewa. Dukkansu tambayarsu ɗaya ce: ina takardar samun gurbi? Ɗan riƙo kuwa tun kafin nan ya faɗi. Yana faɗuwa a ƙarshen ƙaramar sakandare, lokacin da ƙarfinsa ya kai a tura shi dashen shinkafa. Yarinya a ajiye ta wajen turara shinkafa ko tsinkar tumatir. Wanda ya daure ya kai aji shida, sai kuɗin NECO da na JAMB su tare shi, ga lambar NIN da aka wajabta tun 2021, wadda sai an sami babba ya kama hannunsa ya kai shi. Mai gida da 'ya'yansa bakwai, in kuɗin mutum ɗaya ya samu, kun san wanda zai biya wa.

To, ga inda nake so mu daɗe. Maraya a wannan yanki ya bambanta da marayan cikin birni, domin sau da yawa mahaifinsa ya bar masa abin da ya fi tallafin gwamnati: gona a bakin kanal. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, a zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa har Kura, eka guda a nan ta daina zama eka irin ta tudu. Ana noma ta damina, a noma ta rani. Tana da kuɗin haya sananne, kuma masu nema suna layi. Kowa a zauren nan ya san nawa aka ba da hayar eka bana. Ku ɗauki wannan kuɗi, rani da damina, ku ajiye shi kusa da kuɗin rajista a Jami'ar Wudil, ko Kwalejin Sa'adatu Rimi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ku yi lissafin da kanku.

Me ke faruwa da gonar? An yi sadakar arba'in, sai a ce baffa ya riƙe har yara su girma. Ba takarda, ba shaida. Baffa ya noma, maraya ya yi ƙwadago a gonar ubansa, tuwon dare ya zama ladarsa. Wata shekara taki ya yi tsada, ko aure ya taso a gida, sai a jinginar da ita, kuma jingina a nan kun san ba ta da ranar dawowa. Sa'ad da za a zauna rabon gado, yaron ya haura ashirin da biyar, karatu ya wuce shi. Kason 'ya mace kuwa, a ce ai za ta yi aure, a bar shi cikin na maza. Ba kowane baffa ba ne, akwai masu tsoron Allah da suke ƙarawa daga aljihunsu. Amma su ma ba su da rubutun da zai wanke su ranar da aka zarge su.

Ba sabuwar doka nake nema ba. Farkon Suratun Nisa'i ya gama maganar: a kiyaye dukiyar maraya, mai riƙo in mawadaci ne ya kame, in matalauci ne ya ci gwargwado, ranar miƙawa kuma a kafa shaidu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, waliyyi ba ya taɓa dukiyar maraya sai don maslahar marayan, kuma alƙali yana da ikon dubawa. Wace maslaha ta wuce karatu?

Za a ce wannan raba zumunci ne. Zumuncin da rubutu zai raba dama a rabe yake. Za a ce noma da asara, a tuna mana tsutsar tumatir ta 2016, ko ranakun da kwando yake faɗuwa warwas a Kwanar Gafan. Shi ya sa na ce haya, domin mai haya ke ɗaukar asarar. Wasu kuma su ce maraici yana ƙarewa da balaga. Haka ne a fiƙihu, amma dukiyar ba a miƙa ta sai an ga hankalin riƙe ta, kuma kuɗin makaranta bai san balaga ba.

A Amurka, doka ta ware har dala 5,000 a shekara don karatun gaba da sakandare ga yaran da suka tashi a hannun riƙo. Abin koyi a nan ba yawan kuɗin ba ne. Sun iya biya ne saboda sunan kowane yaro yana rubuce. Mu ma Dokar Kare Yara ta Jihar Kano ta samu sa hannu a 2023, amma doka ba ta kare wanda ba a san da shi ba.

Don haka, ranka ya daɗe Hakimi, a fara daga mai unguwa. Shi ke halartar jana'iza, ya san wanda ya rasu, ya san yaran da aka bari da gidan da suka koma. Ya rubuta, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kawo wa hakimi. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da ke aiki da Hukumar Haɗeja-Jama'are, sun san mai kowace gona a kanal ɗinsu, domin ana karɓar kuɗin ruwa. Su sa alama a kan gonar maraya, kada a jinginar ko a sayar sai da izinin alƙali. In baffa ne zai noma, madalla, ya fi bare, amma ya biya haya kamar kowa, a cire ci da suturar yaron, saura ya shiga asusu da sunansa.

Wanda mahaifinsa bai bar ko taƙi ba, nan ne Hukumar Zakka da Hubusi za ta shigo. Shinkafar da ake loda wa motoci daga Kura akwai zakka a kanta, kuma attajirin da ke neman sadaka mai gudana zai iya yin waƙafin eka biyu a bakin kanal don karatun marayu. Ita kuma hukumar tallafin karatu, na faɗa wa jami'anta a baya, ina maimaitawa a gabanku: su sauko da tallafin zuwa aji huɗu na sakandare, su biya NECO da JAMB kai tsaye ga duk yaron da sunansa ya fito a rajistar hakimi, ba tare da an nemi wasiƙar ɗan majalisa ba.