Launi da Haske: Abin da Ido Yake Gani



Galibin mutane sun ɗauka launi a jikin abu yake zaune, kamar yadda nauyi yake a jikin dutse. Binciken masana kuwa ya nuna ba haka al'amarin yake ba. Kafin a ga launi sai abu uku sun haɗu, watau haske, da abin da hasken ya sauka a kansa, da idon mai kallo.

Wasu masanan Yunan na dā sun zaci ido ne yake fitar da haske ya taɓa abin da ake kallo. Alhasan ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, shi ya kafa hujja cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido. A 1666 kuma Isaac Newton na Ingila ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ga shi ya warwatsu launi-launi kamar bakan gizo. Da ya sake tara su, sai suka koma fari. Ashe farin haske gamayyar launuka ne.

Haske yana tafiya ne tamkar igiyar ruwa, tazarar da ke tsakanin igiya da igiya kuwa ita ke bambanta launi. Ana auna ta da nanomita, watau milimita ɗaya a raba shi gida miliyan. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ya kama daga wajen nanomita 400, inda shuɗi mai duhu yake, zuwa 700, inda ja yake.

Alal misali, a dubi marinar Ƙofar Mata a Kano. Tufa takan fito daga ramin baba da ɗan kore-kore, sai ta sha iska ta rikiɗa shuɗiya. Iska ce ta sauya shunin, ya koma yana shanye jan haske da makusantansa, yana mayar wa ido da shuɗi. In aka kai tufar nan ɗakin da ba kome sai jar fitila, kusan baƙa za a gan ta, alhali rinin bai canja ba.

Saura ido. A bayansa akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi, kamar yadda Thomas Young ya yi hasashe a 1802. Wanda aka haifa da tawaya a iri ɗaya, galibi namiji, yakan kasa rarrabe ja da kore, sau da yawa bai ma sani ba. Saboda haka ne ake gwada idon direban jirgin ƙasa da matuƙin jirgin sama kafin a damƙa musu rayukan jama'a.