'Ya'yan Itatuwanmu da Maganin Ƙurajen Fuska



Duk wanda ya ratsa ƙasar Kazaure, ya bi ta Roni da Gwiwa, ko ya gangara Babura, ba zai rasa ganin bagaruwa da tsamiya da aduwa ba. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce: ko ruwan shafawa da ake tacewa daga 'ya'yan irin waɗannan itatuwa zai iya warkar da ƙurajen fuska?

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su haddasa ƙurajen: yawan maiƙon fata, musamman lokacin balaga, da toshewar ƙofar gashi, da kumburi, da wata ƙwayar cuta wadda masana suka sake wa suna Cutibacterium acnes a 2016. Ashe ke nan kashe ƙwayar cuta ɗaya ne kawai daga cikin ayyuka huɗu.

To, me itatuwanmu suka ƙunsa? Bagaruwa tana da sinadarin tanin, wanda da shi ne majeman Kano ke jima tun zamanin kakanni, kuma an gwada an ga ruwanta yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ɗakin bincike. Tsamiya da lemon tsami kuwa, tsaminsu dangin sinadaran nan ne da Van Scott da Yu na Amurka suka nuna a 1974 cewa suna saɓule matacciyar fata.

Amma fa abin da ya yi aiki a faifan gwaji bai zama magani ba tukuna. Sai an san ma'auninsa, da tsawon kwanakinsa kafin ya lalace, da yadda fatar mutum za ta karɓe shi. Alal misali, budurwar da ta shafa ɗanyen lemon tsami ta shiga rana, tana iya ƙonewa, ta sami baƙin tabon da zai yi watanni bai gushe ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu da su tattara ilmin masu maganin gargajiya na wannan yanki, su auna shi, su gwada shi bisa ƙa'ida, kana a kai shi gaban hukumar NAFDAC. Matasa kuma, kada ku shafa haɗin da ba ku san abin da ke ciki ba. Idan ƙuraje suka yi tsanani, a garzaya wurin likita.