Hazo da Hayaƙi: Me Kanawa Ke Shaƙa?



Duk shekara, da hunturu ya kama, tari ya cika gidaje, sai mu ce hazo ne, daga Allah yake, a yi haƙuri. Akwai gaskiya a ciki. Kaso mai yawa na ƙurar da ke lulluɓe Kano daga Nuwamba zuwa Maris daga kwarin Bodele take tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki a arewacin Chadi. Iska tana ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwaso farar ƙasar ta kawo mana. Babu gwamnan da ya isa ya hana wannan. Sai dai a ganina mun daɗe muna ɗora wa hazo laifin da namu ne.

Abin da masana ke kira PM2.5 ɓurɓushi ne wanda faɗinsa bai wuce maikromita 2.5 ba. Silin gashin kai ya ninka shi kauri kusan sau 30. Ƙura mai gwaɓi hanci ke tare ta, a fyace. Wannan kuwa wucewa yake har ƙuryar huhu, mafi ƙanƙantarsa ma ya shiga jini. Shi ya sa illarsa ta wuce tari da asma, ta kai ga ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da ma'aunin da take ba da shawara a kai daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, idan an haɗa lissafin shekara. Da Bankin Duniya ya duba Legas, kusan 68 ya tarar, ya kuma ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi ajalin mutum 11,200 a 2018, fiye da rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ku lura, Legas ba ta da hazo irin namu. Nata daga motoci ne da masana'antu da janareta.

To mu kuma biyun muka haɗa. Duk abin da aka ƙona yana sakin wannan ɓurɓushi, mu kuwa ƙone-ƙonenmu ya fi yawa a daidai lokacin da ya fi cutarwa. Da asubar hunturu iska mai sanyi tana kwanciya a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, hayaƙi ya rasa hanyar tashi, ya tsaya daidai hancin mutane. A wannan sa'ar ne mai shayi da mai ƙosai ke hura wuta, samari suka kewaye taya da leda suna jin ɗumi, bolar da aka cinna wa wuta jiya tana ci a hankali. A mahauta ana babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, baƙin hayaƙi ya bi unguwa. Cikin wannan iskar yara ke tafiya makaranta.

Kan titi ma haka ne. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, a daidaita sahu ya cika gurbin, cunkoso bai ragu ba. Ga tsofaffin manyan motoci masu shan dizal. Shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da dizal mai ɗauke da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai 10 ne iyaka; ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa cinikin irin wannan man a 2016. Farar wutar tana fita a matsayin iska, sannan ta rikiɗe ta zama ɓurɓushi a sararin gari. Dizal ne kuma injinan masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa ke sha idan an ɗauke wuta. Janaretocin kasuwa kuwa, wanda ya taɓa shiga layukan Kantin Kwari da rana tsaka ba sai an yi masa bayani ba.

Amma wadda ta fi kowa shaƙa tana cikin gida: uwa a gaban murhun itace, da goyo a baya, sau uku a rana. Ita ba ta da hunturu ba ta da bazara, shekara take yi a haka. Ba na ganin laifinta, tsadar gas ce ta mayar da ita kan itace da gawayi.

Roƙona ga malaman kimiyya guda ne. Na'urorin auna iska sun yi arha yanzu. A kafa su a bakin kasuwa, a mahauta, a tashar mota da cikin lungunan birni, a bar su su shekara. Abin da suka nuna a Agusta, lokacin da ruwan sama ya kwantar da ƙura, shi ne hayaƙin da muka tayar da hannunmu, kuma da wannan adadin za a tunkari hukumar kwashe shara da shugabannin mahauta.