Daga Banyo Zuwa Yawunde: Abin Da Ke Jiran Ɗalibin Digiri Na Biyu



Ɗan Banyo bai taɓa yin karatun jami'a a ƙofar gida ba. Jami'ar yankinmu na Adamawa tana Dang, bayan garin Ngaundare, wajen kilomita 400 daga Banyo ta hanyar Tibati, kuma sai a 1993 ta zama cikakkiyar jami'a. Ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa a 2022. Duk da haka, wanda ya gama lisans yana son zurfafawa, sau da yawa fannin da yake nema yana Yawunde, ko a jami'ar da ke Ngoa-Ekelle ko a ta Soa. Sai ya kama hanyar Fumban da Bafusam, in kuwa yana Ngaundare ya hau jirgin ƙasa ya kwana a hanya.

Garin ne ke fara yi masa jarrabawa. A Yawunde ba a tsayar da tasi a shiga kawai. Direba zai rage gudu, mutum ya sunkuya ta taga ya faɗi unguwar da za shi da kuɗin da zai biya. In direba ya danna oda, ya yarda ke nan. In bai danna ba, ya wuce ko kallo babu. Fillancin da ke biya wa ɗan Banyo buƙata a kasuwa daga Tibati har Marwa, a nan sai Faransanci ya karɓe shi. Damina biyu ce a shekara. A kwano kuma ga rogo naɗe a ganye da miyar ndole maimakon tuwon da ya saba.

Sai batun kuɗi. Gyaran tsarin jami'o'i na 1993 ya soke alawus ɗin da gwamnati ke ba ɗalibai, ya sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Iyaye da dama nan lissafinsu ke tsayawa, alhali wannan ne mafi sauƙi. Mai ɗakin haya yana neman kuɗin watanni tun kafin ya miƙa makulli. Ga abinci, ga kuɗin mota, ga intanet.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne shekara ta biyu. A tsarin da jami'o'in Kamaru ke bi, lisans shekara 3 ne, masta 2, dakta 3. Shekarar farko ta masta tana kama da abin da ɗalibi ya sani: aji, malami, jarrabawa. A ta biyu darussa sukan ragu, a bar shi da kundin bincike da malamin da zai duba masa. Malamin nan yana da ɗalibai da yawa, yana koyarwa, wani lokaci yana tafiya. Yaron da aka yi wa tarbiyyar kunya, wanda ba ya ɗaga ido gaban babba, sai ya zauna jiran a kira shi, wata ya bi wata babu babi ko ɗaya. A gida kuwa an ji ba ya shiga aji, an ɗauka ya gama, kuɗi ya tsaya daidai lokacin da yake buƙatar na zuwa tattara bayanai, da buga kundi, da shirin ranar kare shi gaban malamai.

Ɗalibin ba ya rasa ’yan uwa a Yawunde. Unguwar Briketeri ta daɗe da zama matattarar Hausawa da Fulani, da masallatanta da masu tsire da kilishi, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi, CAMSU, tana da rassa a jami'o'i. Sai dai zaman majalisar Briketeri yana maganin kewar gida ne kawai, ba ya rubuta kundi.

Nisa da gida bai hana na gabansa aiki ba. Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, ya tattara tarihin lamidodin arewacin Kamaru daga bakin dattawa, ya ƙarasa aikinsa a Jami'ar Maiduguri, inda ya rasu a 2004.

Saboda haka ɗalibi ya nemi malaminsa da kansa, su tsayar da ranar haɗuwa kowane wata, ya je da rubutu a hannu. Iyaye kuma su yi lissafin shekara biyu cur, su ware wa ta biyu kaso mafi tsoka.